Jarfa ko Zanen Jiki da Ya Ƙi Kwantawa: Yadda Za Ku Kula da Shi

Mutane da yawa suna zuwa asibiti da tambaya iri ɗaya: "An yi mini zane, ga shi an kwana biyu bai kwanta ba. In na shafa sai in ji shi tudu-tudu. Lafiya kuwa?" Wani lokaci budurwa ce da wanzami ya yi wa jarfa a fuska ko a hannu. Wani lokaci saurayi ne da ya dawo daga ci-rani da zanen da aka yi masa da injin allura, wanda ake kira tatu. Wani lokaci kuma uwa ce ta kawo yaron da aka yi wa tsaga.

Amsar ita ce, tashin zane iri-iri ne. Akwai wanda zai kwanta da kansa in an bar shi. Akwai wanda ke bukatar magani a ranar. Akwai kuma wanda in aka taɓa shi da aska ko da wuta sai ya ninka girma. Wannan ɗan littafi zai nuna muku yadda za ku rarrabe su, da abin da za ku yi a gida, da lokacin da ya kamata ku zo asibiti.

Abin da ke faruwa cikin fata

Fatar mutum hawa-hawa ce. Ta sama siririya ce, kullum tana saɓulewa tana sabunta kanta, kusan wata guda take ɗauka. Shi ya sa lalle yake gogewa. Ta ƙarƙashinta ita ce mai kauri, a nan jijiyoyin jini suke. In ana son zane ya dawwama, dole baƙin ya shiga wannan fata ta biyu. Wanzami yana tsaga ta da aska ya cusa baƙin tukunya ko kwalli. Mai inji kuma yana soka allura sau ɗaruruwa a minti ɗaya, tana kai tawada zurfin milimita 1 zuwa 2.

Ke nan kowace jarfa miki ce. Kyawunta bai hana ta zama miki ba, kuma kamar miki za a kula da ita.

Ku dubi yadda ake gyaran katangar da ta tsage bayan damina. Magini yana cika tsagar da laka har ta ɗan yi tudu, daga baya ya shafe ta ta daidaita. Haka jiki yake yi. Da farko yana turo jini da ruwa zuwa wurin, sai ya kumbura. Bayan haka yana saƙa wani irin zare mai ƙarfi ya haɗe bakin mikin. A ƙarshe sai ya riƙa rage abin da ya yi yawa, a hankali, cikin watanni. Matsala tana zuwa ne in ƙwayoyin cuta suka shiga, ko jiki ya ƙi tawadar, ko kuwa ya ci gaba da saƙa zaren bai tsaya ba.

Yadda warkewa ta lafiya take tafiya

Kwana 1 zuwa 3: wurin yana kumbura, yana zafi da ɗan raɗaɗi. Wani ruwa garau, gauraye da ɗan jini da baƙin tawada, yana tsattsafowa. Wannan ba mugunya ba ce.

Kwana 4 zuwa 14: zafi yana raguwa kullum. Ɓawo yana fitowa a kan layukan, fata tana saɓa, ƙaiƙayi yana tsananta. A wannan lokaci layukan suna nan a tashe, domin ɓawon yana kansu.

Sati 2 zuwa 4: ɓawo yana faɗuwa da kansa. Sabuwar fata tana ƙyalli, tana da laushi, wani lokaci da ɗan tudu kaɗan.

Wata 2 zuwa 6: can ciki aiki bai ƙare ba. Tudun yana raguwa har ku daina jin sa in kun shafa.

Abin lura ɗaya ne: miki mai warkewa, yau ya fi jiya sauƙi. In kun ga yau ya fi jiya zafi, ko kumburi ya ƙaru bayan kwana na uku, wani abu ya shiga.

Ku sani kuma, zanen da ya riga ya warke yana iya ɗan tashi da ƙaiƙayi lokacin zafin bazara, ko bayan gumi mai yawa, ko cikin bushewar hunturu, sannan ya kwanta bayan awa kaɗan ko kwana ɗaya zuwa biyu. Wannan ba abin tsoro ba ne.

Yadda za ku kula da shi a gida

1. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa wurin.

2. Ku wanke zanen sau biyu a rana, safe da yamma, da ruwan da aka tafasa ya huce da sabulu marar turare. Da tafin hannu za ku wanke, ban da soso. In sabulu yana yi muku zafi, ku zuba gishiri ƙaramin cokali biyu, ba a cika da tozo ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ku yi wankin da shi.

3. Ku tsane ruwan da tsumma mai tsabta wanda aka wanke aka shanya a rana. Dannawa za ku yi, kada ku goga.

4. Ku shafa bazilin fari marar turare, kaɗan ƙwarai, yadda fata za ta ɗan yi ƙyalli kawai. In kun lafta shi, wurin zai jiƙe, ƙura ta manne, ƙuraje su fito. Ku ɗebo shi da tsinke ko cokali mai tsabta, kada kowa ya riƙa tsoma yatsa cikin kwalbar.

5. In za ku gona, ko kasuwa, ko wurin dabbobi, ku rufe shi da bandeji ko tsumma mai tsabta saboda ƙura da ƙuda. In kun dawo ku buɗe, ku wanke, ya sha iska. In tsumma ya manne, ku jiƙa shi da ruwan gishiri har ya saki da kansa.

6. Ku sa tufafi masu sauƙi, na auduga, waɗanda ba su matse ba. Igiyar goyo, maɗaurin zane, hannun jaka ko sarƙar wuya kada su riƙa gogar wurin.

7. Kada ku shiga tabki, gulbi ko ruwan fadama har sai ɓawo ya gama faɗuwa, wato sati 3 zuwa 4.

8. Ku kare shi daga rana. Rana tana sa sabon tabo ya yi duhu ya kuma ƙara ƙaiƙayi.

9. In ƙaiƙayi ya dame ku, ku ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi na minti 10, ko ku ɗan bubbuga gefen wurin da tafin hannu. Yaro kuma a yanke masa farce.

10. Saboda zafi, babban mutum yana iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 1 ko 2, bayan kowace awa 6. Kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya. Na yaro kuwa sai ma'aikacin lafiya ya auna masa.

Mafi muhimmanci duka, kada ku ɓamɓare ɓawo kuma kada ku sosa. Duk lokacin da kuka ɓamɓare shi, kun buɗe sabon miki, jiki kuma zai sake zuba wani zaren a kan na farko. Tabo mai kauri yana iya somawa ta nan.

Abubuwan da ba a sa wa miki

Kada ku sa toka, ƙasa, kashin shanu, kanwa, baƙin mai na inji, ruwan batir, man goge haƙori ko taba. Wasu suna ƙona fata, wasu kuma suna ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da na tetanos.

Kada ku fasa kafso ku barbaɗa garinsa a kai. Ba ya kai wa inda cutar take, yana kuma iya tayar da ƙaiƙayi da kumburi.

Kada ku shafa man da ake sayarwa don hasken fata. Da yawansu suna da magani mai ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri, ya hana miki haɗewa, ya kuma ɓoye alamun cuta har ta yi nisa.

Dalilai huɗu da ke hana zane kwantawa

Na ɗaya: ƙwayoyin cuta sun shiga. Wannan yakan bayyana cikin sati na farko ko na biyu. Zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, wurin yana zogi, mugunya mai kauri tana fita, wani lokaci da wari. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka kada ku jira ganin ja. Ku duba ko wurin ya fi sauran jiki duhu da ƙyalli. Ku ɗora bayan hannu a kansa, sannan ku ɗora a ɗaya gefen jikin, ku ji ko ya fi zafi. Kaluluwa a hammata, a wuya ko a matsematsi alama ce cutar ta fara tafiya. Wannan yana bukatar magani daga asibiti, kuma in an ba ku sai ku shanye shi duka ko da kun ji sauƙi.

Na biyu: jiki bai karɓi tawadar ba. Alamarsa ƙaiƙayi mai tsanani da ƙananan ƙuraje ko kauri, ba tare da zazzaɓi ba. In zanen launi-launi ne, sau da yawa launi ɗaya ne kawai ke tashi, sauran suna kwance. Jar tawada ta fi kowace yin haka. Yana iya fitowa bayan ƴan kwanaki, yana kuma iya jira har watanni ko shekaru. Likita yana da man shafawa ko allurar da ke kwantar da shi. Irin wannan yana faruwa da baƙin lalle da ake haɗawa da dayis: bayan ƴan kwanaki zuwa sati biyu sai fata ta tashi daidai siffar zanen, wani lokaci da bororo. Wadda hakan ya taɓa samu kada ta sake kusantar dayis, ko a hannu ko a gashi, domin karo na biyu yakan fi tsanani.

Na uku: tabo mai kauri. Wannan yakan fito cikin wata na farko ko na biyu, musamman inda aska ko allura ta yi zurfi da yawa, ko inda miki ya yi mugunya, ko inda aka yi ta ɓamɓara. Layin yana tashi kamar igiya, da tauri da ƙaiƙayi. Amma yana tsayawa daidai kan zanen, ba ya tsallake iyaka. Yana iya ƙara kauri har wajen wata 6, daga nan ya tsaya, sannan ya riƙa laushi yana kwantawa cikin shekara 1 zuwa 2.

Na huɗu: tabo mai yaɗo, wanda likitoci ke kira keloyid. Shi ne maginin da ya ƙi ajiye aiki. Yakan makara kafin ya fito, sau da yawa wata 3 ko fiye bayan miki ya warke, wani ma sai bayan shekara. Yana da santsi da ƙyalli da tauri kamar roba. Babbar alamarsa ita ce yana tsallake iyakar zanen ya ci lafiyayyar fata. Yana ƙaiƙayi, yana suka kamar allura, kuma ba ya kwantawa da kansa. Ya fi kama masu baƙar fata, ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma yana bin dangi. Wuraren da ya fi so su ne tsakiyar ƙirji, kafaɗa, saman baya, haɓa da leɓatun kunne.

Ku kwantar da hankali a kan abu uku. Keloyid ba ciwon daji ba ne. Ba a ɗaukar sa ta hanyar taɓawa ko cin abinci tare. Ba kuma sammu ba ne ko wani abin da kuka ci. Halin fatar mutum ne.

Yadda za ku gane wanne ne naku

Ku samo farar leda mai tsabta wadda ake gani ta cikinta. Ku shimfiɗa ta a kan tabon, wani ya bi gefensa da biro, a rubuta kwanan wata. Bayan wata ɗaya ku sake ɗora wannan ledar. In tabon yana cikin layin, ku ci gaba da kulawa a gida. In ya leƙo waje, ku zo asibiti da ledar. Ƙaramin keloyid ya fi babba jin magani nesa ba kusa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da za ku iya yi wa tabo mai kauri

Wannan sai bayan fata ta rufe gaba ɗaya, babu ɓawo, babu ruwa. Ku shafa ɗan man kaɗe ko bazilin, ku murza tabon da babban yatsa kuna zagayawa, da ɗan ƙarfi amma ba har ya yi ciwo ba. Minti 5 zuwa 10, sau biyu a rana, na tsawon watanni. Yana rage ƙaiƙayi, yana kuma taimaka wa tabo ya yi laushi.

Akwai wani filasta mai laushi na silikon da ake samu a wasu manyan shagunan magani. Ana manna shi aƙalla awa 12 kowace rana, na wata 2 zuwa 3 ko fiye. Ana wanke shi a sake amfani da shi. Ku tambayi likita kafin ku kashe kuɗinku.

Abin da asibiti ke yi wa keloyid

Maganin da aka fi amfani da shi allura ce da ake yi cikin tabon kansa, da wani magani mai suna tiriyamsinolon. Ana maimaita ta bayan kowane sati 4 zuwa 6, sau da dama. Tana da zafi lokacin yin ta. Ƙaiƙayi da suka su ne ke fara raguwa, daga baya tabon ya yi laushi ya ragu. Wani lokaci fatar gefen tana ɗan yin haske ko ta lotsa. Wanda ya yi sau ɗaya ya daina zuwa, tabon yakan koma yadda yake. Ku shirya kuɗin mota da lokacin zuwa tun kafin a fara.

Mutane da yawa suna roƙo a yanke musu shi kawai. Ku sani yanka sabon miki ne, kuma fatar da ta yi keloyid sau ɗaya za ta iya sake yi. In an yanke shi ba tare da wani magani ba, mafi yawan lokaci yana dawowa, sau da yawa ma ya fi na farko girma. Shi ya sa in likita ya ga dole a yi aiki, yakan haɗa da allurai da matse wurin na watanni bayan aikin.

Saboda wannan dalili, kada ku bari a yi wa tabon tsaga, ko sakiya, ko ƙaho, ko lalas da ƙarfe mai zafi. Kada a ɗaure na kunne da zare ko gashin doki don ya tsinke. Babu mugun jini a cikinsa da za a fitar. Nama ne mai tauri, kuma kowane sabon rauni abinci ne a gare shi. Haka nan kada a yi sabon zane a kansa don a ɓoye shi.

Ku zo asibiti a ranar in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan

Zazzaɓi, wato masassara, ko rawar ɗari.
Mugunya, wari, ko kumburin da ke yaɗuwa.
Wani layi mai zafi da ya tashi daga mikin ya nufi hammata ko matsematsi.
Kumburi kusa da ido, ko a leɓe da wuya.
Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danne shi minti 10.
Baki ya ƙi buɗuwa sosai, wuya ya sandare, ko jiki yana fizga.
Jariri ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya saki.
Numfashi yana wuya, ko borin jini ya fito a jiki duka. Wannan kam ko da tsakar dare ne a taho.

Mai ciwon sukari, da mai juna biyu, da mai ƙanjamau, da yaro mai tamowa, kada su jira alamu su yi yawa. Mikinsu ya fi saurin lalacewa.

Akwai kuma abu biyu da ba na gaggawa ba, amma suna bukatar likita ya gani. In tsohon zane na shekaru ya tashi haka kawai ya ƙi kwantawa, musamman tare da tari ko ciwon ido, a zo a duba. In kuma wani wuri a fata ya yi haske ko ya tashi, kuma ba kwa jin taɓawa a kansa, a zo a gwada, domin kuturta takan fara da haka, ita kuwa tana warkewa sarai in an sha magani da wuri.

Abin da aska ke ɗaukowa wanda ido ba ya gani

Zane yana iya warkewa sumul, amma ya bar cuta cikin jini. Aska ko allurar da aka yi wa mutum fiye da ɗaya aiki da ita tana iya ɗaukar ciwon hanta iri B da iri C, da ƙanjamau, wato sida. Ƙwayar ciwon hanta iri B tana rayuwa cikin busasshen jini aƙalla kwana 7. Goge aska da tsumma ko ɗauraye ta da ruwa ba ya kashe ta. In an yi muku zane da kayan da ba sababbi ba, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya tun yanzu, sannan a gwada jininku bayan wata 3.

Tetanos, ciwon da ke sarƙe haƙora, yana shiga ta miki mai datti. Yakan bayyana kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, kuma yana kisa. In ba a yi muku allurar rigakafinsa ba cikin shekara 5 da suka wuce, ko ba ku tuna ba, ku zo a yi muku ba tare da jinkiri ba.

Kafin a yi wani zanen

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ku dubi jikinku tukuna. Hujin kunne, tabon lamba a kafaɗa, tsohuwar tsaga, tabon ƙuraje a ƙirji ko na aski a ƙeya, akwai wanda ya tashi ya yi ƙulli? Ku dubi kuma iyayenku da ƴan'uwanku. In akwai mai keloyid a gidan, abin da ya fi shi ne a haƙura da jarfa, da tsagar ado, da ƙarin hujin kunne. Jan lalle na gargajiya, wanda ba a haɗa da dayis ba, yana ba da ado ba tare da an tsaga fata ba.

Iyaye mata da kakanni, ku ne kuke yanke shawara a kan jikin yara. Fatar jariri siririya ce, jininsa kaɗan ne, cuta kuma tana saurin kayar da shi. Kwallin da ake cusawa cikin tsaga sau da yawa yana da dalma, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Tsaga a ciki ko a ƙirji ba ta maganin saifa, ko tari, ko zazzaɓi. Yaro mai waɗannan a kawo shi a duba.

Babban da ya yanke shawara sai ya yi, to ya sayi sabuwar reza ko allura da kansa, a buɗe ta a gabansa. Mai aikin ya wanke hannu da sabulu, a wanke fatar. Tawada a zuba wa kowa tasa, abin da ya rage a zubar. Ban da tawadar biro, ban da baƙin ƙonanniyar taya ko roba. A kauce wa ƙirji, kafaɗa da saman baya.

Wanzamai kuma, mutane sun ba ku amanar jikinsu. Kayan da ba a yarwa a wanke su da sabulu, a tafasa su minti 20 cur kafin a taɓa wani da su. In kun ga tabo mai ƙulli a jikin wanda ya zo muku, ku faɗa masa gaskiya, ku turo shi asibiti.

In za ku zo a duba ku, ku riƙe ranar da aka yi zanen, da abin da aka cusa a ciki, da duk abin da kuka shafa ko kuka sha. Ku taho da katin rigakafinku, da ledar da kuka auna tabon da ita.